Sana'o'in Hausawan Sinnar: Waɗanda Suka Shuɗe da Waɗanda Ke Tashe

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, in aka ambaci Sudan ba abin da ke faɗo musu a rai sai tsohuwar hanyar Makka, ko yaƙin da suke ji a labarai. Kaɗan ne suka san cewa a gaɓar Shuɗin Nilu, wanda Larabawan nan ke kira Bahar Azraƙ, tun daga Wad Madani zuwa Sinnar da Sinja har Rusairis, akwai garuruwa da ƙauyukan da in ka shiga da safe "ina kwana" za a yi maka, a kawo maka koko da ƙosai. A cikin irin waɗannan ƙauyuka aka haife ni, kuma aikina shi ne gabatar da shiri da harshen Hausa a gidan rediyo.

Tun da jama'a suka fara komawa gidajensu a 2025, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a bakin masu bugo mana waya: wace sana'a ce ke da gaba? Uba na tambaya saboda ɗansa da ya shekara biyu ba makaranta, bazawara na tambaya saboda marayun da ke gabanta, saurayi kuma na tambaya ne kafin ya yanke shawarar zama ko ya bi 'yan'uwansa ramin zinare. Minti uku na waya ba ya isar wannan tambaya, shi ya sa na zauna na rubuta amsar a tsanake. Abin da na fahimta shi ne, a shekara 120 da muka yi a nan, ruwa da hanya ne ke kawo mana sana'a, su ne kuma ke tafiya da ita. Takarda kuwa ita ke raba wanda zai ci riba da wanda zai sha wahala.

Sana'ar kan hanya

Sinnar tsohon birni ne. Nan ne hedikwatar daular Funj, wadda aka kafa a 1504, ta kuma faɗi a 1821 a hannun rundunar Muhammadu Ali Basha na Masar. Tun a wancan zamani alhazai daga ƙasar Hausa da Barno ke ratsowa ta Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsallake Nilu, su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Larabawa suna kiran su Takarir ko Fallata, suna da har yau ake haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a cikinsa.

Tafiyar ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Talaka kan shekara biyar, wani goma, yana tafe yana yada zango. Guzurinsa na ƙarewa tun bai bar Wadai ba, saboda haka dole ya riƙe sana'ar da za ta shiga cikin jaka: allura da zare, askar wanzanci, alƙalami da tawada, tulun sayar da ruwa, ko kuwa ƙarfin damtse, ya yi ƙodago a gonar wani. In ya tara abin da zai kai shi gari na gaba sai ya ƙara gaba. Wannan ita ce sana'armu ta farko a Sudan, kuma ta bar mana hali guda da ke bin mu har yanzu: mun iya neman na yau a ko'ina aka ajiye mu, amma mun daɗe ba mu damu da mallakar abin da ba ya ɗaukuwa ba.

Bayan Burmi

Babban kwararowar mutanenmu ya biyo bayan cin ƙasar Hausa da Turawan Ingila suka yi. An ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa, Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Wajen 1906 suka iso bakin Shuɗin Nilu, suka sauka kusa da garin Shaihu Ɗalha, wanda wani malami Bafillace ya kafa tun kafin zuwan Turawa. Daga baya suka kafa nasu garin a gaɓar yamma, 'yar tafiya kaɗan kudu da Sinnar. Shi ne garin Mai Wurno, wanda har yau yana nan da sarautarsa.

Abin mamaki shi ne, Turawan da suka yaƙe su a Burmi su ne suka tarbe su a nan. Dalili kuwa a fili yake. Sudan ta fito daga yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da babbar yunwar 1888 zuwa 1889, mutane sun ragu ƙwarai. Turawa sun karɓi ƙasar a 1898, suna ƙoƙarin hana cinikin bayi, ga kuma manyan ayyukan da suke son yi ba masu yi. Sai ga manoma sun zo da ƙafarsu, mutanen da suka saba da fartanya, ba su kuma ɗauki aikin lada abin kunya ba. Aka ba su filin noma, aka ƙyale su su yi ƙauyuka a bakin kogi da gaɓar Dindir da Rahad. A daidai wannan lokaci hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kartum ta ratsa Wad Madani da Sinnar, ta tsallake Farin Nilu a Kosti, zuwa 1912 ta isa Al-Ubayyid, kusan lokaci guda da isar jirgi Kano. Alhaji ya samu sauƙin tafiya, lebura kuma ya samu aikin shimfiɗa dogo da dako a tasha.

Zamanin auduga

Masaƙun Lankasha na ƙasar Ingila suna neman auduga mai dogon zare. Ƙungiyar nan ta BCGA, wadda mutanen Funtuwa da Zariya suka sani da injinan gurzar auduga, tana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin Ingila lamba a kan filin Jazira, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An yi gwaji da famfo a Ɗayyiba a 1911, a 1913 gwamnatin Ingila ta tsaya wa Sudan a kan bashin fam miliyan 3. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo tsaiko, sai a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, mai tsawon kimanin kilomita 3. Kakanninmu na cikin waɗanda suka ɗauki dutse da ƙasa a kai wajen gininta, suka kuma haƙa magudanan ruwa.

An fara da fili kimanin fadan 300,000. Fadan shi ne ma'aunin gona a nan, ya ɗan ɗara eka ɗaya. Aka yanka filin gonaki-gonaki, kowace ana kiran ta hawasha. Gwamnati ce ke da ruwa, wani kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ke gudanarwa da sayarwa, mai hawasha kuma ke noma. Shi mai hawasha yana da kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, sauran gwamnati da kamfani su raba. To amma daga cikin nasa kason ne zai biya masu shuka da masu cire ciyawa da masu tsinta. A nan muka shigo. Daga Janairu zuwa Afrilu, maza da mata da yara na cikin gona suna tsintar auduga, ana biyan su bisa nauyin abin da suka tsinta. In an gama, sai tuge itacen audugar a ƙona saboda cuta. Shekara da shekaru wannan ce sana'ar da ta fi kowace ɗaukar Hausawa a Sudan.

A farkon shekarun 1930 kasuwar duniya ta karye, farashin auduga ya faɗi, cututtukan ganye kuma suka lalata amfani. Masu hawasha da yawa suka watsar da gonakinsu. Hukuma ta waiwayi Fallata ta miƙa musu, su kuwa suka karɓa, domin ko auduga ba ta yi kuɗi ba, akwai ɓangaren dawa da mutum zai ci da iyalinsa. Wannan ne karo na farko da ɗan ƙodago ya zama mai gona a Jazira. Sai dai abin bai ɗore ba.

Ranar da takarda ta shigo

Da auduga ta sake yin daraja a shekarun 1940, sai hawasha ta koma abin so, aka fara maganar wane ne ɗan ƙasa. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, shekara guda bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. Mai karatu ya lura: mutanen Mai Wurno sun iso ne wajen 1906. Da alƙalami ɗaya aka mayar da mafi yawan Hausawa baƙi, har da waɗanda aka haifa a nan. Wanda ba shi da jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa, da wuya ya samu sabuwar hawasha, da wuya ya samu aikin gwamnati, ɗansa kuma ba ya nisa a makaranta.

A 1950 wa'adin kamfanin Ingila ya ƙare, Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta karɓi aiki. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe sashen Manaƙil, filin ya haura fadan miliyan 2, ya zama ɗaya daga cikin manyan gonakin ban-ruwa na duniya. Auduga ta riƙa kawo wa Sudan fiye da rabin kuɗin shigar da take samu daga waje. Su kuwa masu tsintar, mazauninsu shi ne kambo, jam'insa kanabi: bukkokin leburori a bakin magudanar ruwa, a kan filin da ba nasu ba, galibi ba makaranta ba asibiti, ruwan sha kuma na magudana ne mai kawo tsargiya. Hausawa da mutanen Darfur da na Cadi ne suka cika su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma laifin ba duka na takarda ba ne. Wani masani, C. Bawa Yamba, ya yi bincike a cikin Hausawan Jazira da Wad Madani, ya fitar da littafi a 1995, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunne na kiran kansu alhazan da ke kan hanya. Na taso na tarar da irin waɗannan dattawa. Kakana na wajen uwa bai yarda ya yi ginin jan bulo ba har ya rasu, yana cewa matafiyi ba ya gini. Irin wannan niyya abar girmamawa ce, amma ta sa gidaje da yawa ba su nemi takarda ba a lokacin da ake iya samu, ba su kuma sa yara boko ba. A dokar 1994 aka matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, lokacin kuwa an riga an yi asarar zuriya biyu.

Shekarun yalwa

Daga 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970 ƙofofi sun buɗe ta ko'ina. Yaƙin Koriya ya ɗaga farashin auduga, attajirai suka kakkafa gonakin famfo a gaɓar kogi kudu da Sinnar, duk suna neman leburori. Noman tarakta, wanda aka fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bazu zuwa Dali da Mazmum. Tarakta na huɗa da shuka, amma cire ciyawa da yankan riɗi da girbin dawa sai da hannu, saboda haka samari suka samu aikin damina da na kaka. An gama madatsar Rusairis a 1966, ruwa ya yalwata, aka shigar da gyaɗa da alkama cikin noman Jazira. Gyaɗa kuwa gadonmu ce. Masu hawasha suka riƙa ba Hausawa fili a yi noman raba-daidai: kai da aiki, shi da ƙasa da ruwa, in an girbe a raba. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya jawo masunta Hausawa, suka yi ƙauyuka a kewayensa, kifinsu na zuwa har Kartum. Masana'antar sukari ta Junaid ta buɗe a 1962, ta Sinnar a 1976, aka samu aikin saran rake.

A wannan zamani ne kuma mota ta zama sana'a. Babbar motar nan ƙirar Bedford da 'yan Sudan ke kira Sifinja ita ce burin kowane yaro: ya fara da yaron mota, ya zama direba, in Allah ya yi masa buɗi ya sayi tasa. Da aka shimfiɗa kwalta tsakanin Kartum da Wad Madani da Gadarif da Bur Sudan, da kuma ta Sinnar zuwa Kosti, sai mota ta ƙwace wa jirgin ƙasa kaya.

Yayin da waɗannan ke tashe, wata tsohuwar sana'a na mutuwa. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano kai tsaye zuwa Jidda, ƙasashen da suka samu 'yanci kuma suka tsaurara maganar fasfo da iyaka. Masu masaukin alhazai, da dillalan da ke nema musu takardu da mota zuwa Sawakin, da masu canjin kuɗi a zango, duk suka wayi gari ba baƙi. Hanyar da ta kawo mu ta rufe a bayanmu.

Sana'o'in da ba su jira kowa ba

A cikin birane kuwa mun riƙe abin da babu mai hana mu. Duk ɗan Sudan ya san agashe, wato tsirenmu na ƙuli da yaji, sunan ma daga Hausa ya fito. Haka godo-godo, wanda ake yi da gero da nono, da soyayyar gyaɗar da matanmu ke sayarwa a bakin makarantu da tasha. Ga ɗinkin hula, ga wanzanci, ga lambun albasa da tumatir, ga ayaba da mangwaro na yankin Sinja. Malamanmu na allo kuma sun yi suna har a cikin Larabawa. Ko a aikina akwai wadda ta share mana hanya: A'isha Fallatiya, 'yar malami, wadda ta shiga gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da mace ba ta waƙa a bainar jama'a, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Waɗannan sana'o'i ba sa neman jinsiyya, ba sa neman hawasha, shi ya sa suka fi auduga tsawon rai.

Faɗuwar auduga

A 1981, bisa shawarar Bankin Duniya, aka soke tsarin raba riba, aka ce kowane mai hawasha ya biya kuɗin ƙasa da ruwa, ya ɗauki ribarsa ko asararsa shi kaɗai. Laka da ciyawa suka riƙa toshe magudanai, kuɗin yashe su ya gagara. A 1999 Sudan ta fara sayar da man fetur, hankalin hukuma ya bar gona. Dokar Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, mafi yawa suka guje wa auduga saboda tsadar aikinta. A shekarun da suka biyo baya aka sallami dubban ma'aikatan hukumar, ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar auduga ya tsaya aka ɓaɓɓalle dogonsa, injinan gurza na Marinjan da Hasahisa suka durƙushe. Wanda ya ga yadda dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, ko yadda masaƙun Kaduna suka rufe, ya san irin wannan mutuwa. An shigo da sabon irin auduga mai jure tsutsa a 2012, noman ya ɗan farfaɗo, amma bai koma ɗaukar jama'a kamar da ba.

Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai kowa ya juya ga zinare. Samarinmu suka bar fartanya suka nufi Abu Hamad da Ibaidiyya a arewa, wasu kuma duwatsun kudancin jihar Shuɗin Nilu. Wasu sun dawo da abin sayen raksha, wato keke mai ƙafa uku, wasu sun dawo da ciwon ƙirji da illar sinadarin zaiba da ake wanke zinare da shi, wasu kuma rami ya rufta da su.

Wuta biyu

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Tushensa maganar ba Hausawa sarautar gargajiya ce, wadda a tsarin Sudan ba ta rabuwa da maganar mallakar ƙasa. Ɗaruruwa sun mutu daga kowane ɓangare, dubun-dubata suka gudu, da yawa suka sauka a makarantun Sinnar. Masunta suka bar jiragensu, manoma suka bar amfani a gona. Tambayar 1948 ce ta dawo, wannan karon da makami.

Ba a gama jinya ba sai yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamba na 2023, Jabal Moya da Sinja a ƙarshen Yuni na 2024. Birnin Sinnar bai faɗi ba, amma ya shiga ƙawanya, aka kuma yi wa kasuwarsa luguden wuta a watan Satumba. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba na 2024, Wad Madani kuma ranar 11 ga Janairu 2025. A tsakanin nan an kwashe taraktoci da famfuna da motoci, an fasa rumbuna, masana'antun sukari sun tsaya. A kwanakin karɓe Wad Madani kuma aka kai wa mazauna wasu kanabi hari, ciki har da Kambo Ɗayyiba, bisa zargin mara wa RSF baya. Wanda ba shi da takardar fili shi ne a kullum ke fara shan zargi.

Abin da ke ja da baya

Tsintar auduga ba za ta koma yadda take ba, kuma ko ta koma, ladanta ba ya riƙe gida. Yankan riɗi da girbin dawa na nan, amma na 'yan makonni ne, injin girbi kuma na ƙara cin rabonsu. Aikin hukumar Jazira da na jirgin ƙasa da na masaƙa, wanda iyayen wasu suka yi har suka yi ritaya, ya zama labari.

Akwai kuma sana'o'i biyu da ruwa ne da kansa ke janye musu. Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta Annahda a 2020, ta buɗe ta a Satumba na 2025. Madatsar na tare lakar da kogi ke kawowa, tana kuma daidaita gudunsa, ba ya cika ya batse da damina ya janye da rani kamar da. Masu noman jarf, wato gaɓar da ruwa ke janyewa ya bar danshi da taki, filinsu na raguwa. Masu yin jan bulo a kamina, waɗanda sabuwar lakar kowace shekara ce jarinsu, su ma abin zai taɓa su. Gidajen Hausawa da yawa na cin abinci ta waɗannan hanyoyi biyu, ya kamata su fara shiri tun yanzu.

Abin da ke tashe

Wannan madatsa da ke kashe jarf ita ce kuma ke ba da ruwa shekara zagaye ga mai famfo. Tun da aka janye tallafin man dizal a 2021, yaƙi kuma ya ƙara masa tsada, masu lambu ke komawa famfo mai aiki da hasken rana. Yaron da ya iya haɗa faifan sola da batir da famfo, ya kuma iya gyara su, ba zai zauna banza ba a gaɓar nan. Haka makanikin tarakta da mai walda da direban karraka, injin da ke yashe magudanai, domin ba za a farfaɗo da Jazira ba sai an kwashe lakar shekaru. Magini da kafinta da mai haɗa wayar lantarki su ma kasuwarsu a buɗe take, ganin yawan gidaje da makarantu da asibitocin da aka lalata.

Yaƙi ya haifar da wasu sana'o'in da ba mu san su ba. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairu na 2024, sai ga masu na'urar Starlink suna sayar da intanet awa-awa. Takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma manhajar Bankak ta waya, aka samu masu karɓar kuɗin waya su ba ka tsaba su cire ladansu. Canjin takardun kuɗi da aka fara a Disamba na 2024 ya tilasta wa mutane buɗe asusun banki. Sai dai a kula, sana'ar Starlink da ta canjin Bankak 'ya'yan tsanani ne, in al'amura suka daidaita za su ragu. Gyaran waya kuwa zai daɗe.

Fannin lafiya shi ne inda giɓi ya fi girma. Likitoci da ma'aikatan jinya da yawa sun bar ƙasar, ga kwalara da ta ɓarke a 2024, ga zazzaɓin cizon sauro da ba ya ƙarewa a ƙasar ban-ruwa. Ƙauyukanmu na buƙatar ungozoma mai horo da ma'aikacin jinya da mai gwajin jini, musamman mata masu jin Hausa, domin tsohuwa ba ta iya faɗa wa baƙo ciwonta da Larabci. Haka malaman makaranta, bayan yara sun yi fiye da shekara a gida. Jami'ar Jazira da ta Sinnar na kusa da mu, ba sai an je Kartum ba.

Kammalawa

Duk sana'ar da na lissafa a cikin masu tashe, in ka cire gini da walda, tana neman ɗayan biyu: karatu ko lambar ɗan ƙasa. Ba a buɗe asusun banki sai da lamba, ba a zana jarrabawar sakandare sai da takarda, ba a rajistar fili ko karɓar bashin noma sai da ita. Kakanninmu sun gina madatsar Sinnar da hannunsu, suka tsinci audugar da ta riƙe Sudan shekara hamsin, amma da aka zo rabo sai aka tambaye su takarda. Saboda haka amsata ga masu bugo waya ita ce: kafin a zaɓa wa yaro sana'a, a fara nema masa takardar haihuwa da lambar ƙasa, mace da namiji. A bar shi ya gama makaranta ko da yana zuwa garejin sola da yamma. Masu lambu su haɗa kai su sayi famfo ɗaya, su yi rajistar filinsu da sunan ƙungiya. Shugabanninmu kuma su sa maganar mallakar filayen kanabi a gaban duk wata hukumar da za ta zauna a kan sake gina Jazira, su yi ta cikin lumana tare da maƙwabtan da muka yi shekara ɗari muna shan ruwa ɗaya da su. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a abin da hannuwanmu ke nema.